Zaɓen Tumun Dare a Jihar Raba Gardama

Ranar Asabar da ta wuce na je suna a bayan garin Atlanta da ke jihar Jojiya ta Amurka, gidan wani ɗan uwa da Allah ya yi wa ƙaruwa. Bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, mu dattawa muka koma falo, samari kuma suka taru a gareji suna ta hayaniya. Na ɗauka musun ƙwallo ne, ashe siyasa ce, ta zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2024. Wani yaro da aka raɗa wa suna a gabana, yau shekararsa 22, ya miƙo min waya ya ce, "Kawu, kalli wannan, ni kam na gama yanke shawara." Bidiyo ne na daƙiƙa talatin, an yanko tsakiyar maganar ɗan takara, an ɗora kiɗa, wani yana gefe yana zare ido. Na ce madalla, wa ya haɗa shi? Bai sani ba. Wace shekara aka yi maganar? Bai sani ba. To ban da shugaban ƙasa, su wa ke kan takardar ƙuri'arka? Sai ya yi dariya ya ce, "Au, akwai wasu?"

Wallahi daga nan wainar ta fita a raina.

Ƙannena da 'ya'yana da kuke riƙe da fasfo ɗin ƙasar nan, ku san inda Allah ya ajiye ku. 'Yan uwanmu na Bronx, kowa ya san inda jihar New York za ta faɗa tun kafin a buɗe rumfa. Jojiya ba haka take ba. A Amurka ba yawan ƙuri'un ƙasa ne ke naɗa shugaba ba, wakilan jihohi ne, su 538, kuma wanda ya tara 270 shi ne da kujera. Jojiya tana da 16, kuma wanda ya fi abokin karawarsa ko da ƙuri'a ɗaya, duka zai kwashe. A 2020 mutum kusan miliyan biyar suka yi zaɓe a jihar nan, Biden ya wuce Trump da 11,779 kacal. A Arizona tazarar 10,457 ce. A 2016 Trump ya ɗauke Mishigan da 10,704. A shekarar 2000 kuwa, ƙuri'a 537 a Fulorida suka raba Bush da Gore, mutanen da ba za su cika babban masallacin Juma'a ɗaya ba. Irin wannan ƙuri'ar ce kake son ka miƙa wa wanda ya fi iya yanka bidiyo a TikTok?

Ba na faɗa wa kowa wanda zai zaɓa, ni ba ɗan jagaliyar kowa ba ne. Abin da ke ƙona min rai shi ne zaɓen tumun dare. Ka tambayi yaro matsayin ɗan takararsa kan haraji, kan inshorar lafiya, kan bashin karatun da shi kansa yake biya duk wata, sai ya ce ai mutumin yana burge shi. Burgewa! Kallon kitse ake yi wa rogo. Wata ta ce min za ta bi wance don ƙawayenta can suka karkata. Bin yarima a sha kiɗa ke nan, kuma kiɗan ma ba a kunnenki zai ƙare ba.

Wasunku sun manta, ko kuwa lokacin suna makarantar sakandare. A 2017 sa hannun mutum ɗaya, Shugaba Trump, ya rufe wa 'yan Sudan ƙofa, daga baya aka ƙara Chadi. A farkon 2020 aka dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, mata da 'ya'yan mutane suka maƙale a gida. A 2021 sa hannun wani mutum ɗayan, Shugaba Biden, ya soke. A ɗaya ɓangaren kuma ga Gaza, ga makaman da ake aikawa. Larabawa da Musulmin Mishigan da abin ya dame su sun zauna sun yi lissafi, a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat na 2024 mutum sama da 100,000 suka dangwala "ba mu tare da kowa". Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, sun san abin da suke yi. Kai fa?

Sannan waɗancan "wasu" da yaron ya yi wa dariya. Akwai sherif, mai riƙe da kurkukun gunduma. A gundumar Gwinnett da ke bayan garin Atlanta an zaɓi sabon sherif a 2020, yana kama aiki ya soke yarjejeniyar da ke sa jami'ansa yi wa hukumar shige da fice aiki. A 2024 kuma majalisar jiha ta yi dokar da ta tilasta haɗa kai da hukumar. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankinka suna kan takardar da za ka riƙe. Ran da aka tsare ɗan uwanka direban Uber saboda fitilar baya ta mutu, sunan sherif zai fi maka amfani da na fadar White House. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada ku ce samari kawai nake yi wa. Mu manya ma da namu. Dattijo da furfura, ya ga saƙon murya a WhatsApp, bai san mai muryar ba, ya watsa wa zaure goma ya rubuta "don Allah a yaɗa". Ina "idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika" da muka karanta? Har na ji wani yana zuga mai katin zama cewa ya je ya yi rajista babu komai. Akwai komai. Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya yi zaɓe laifi ne babba, yana iya jawo masa kora. Kuma ku samari, awa uku kuke yi kuna binciken takalmi kafin ku saya, ku karanta ra'ayin mutum ɗari a kan wayar salula, amma gaisuwar kakanninku da Hausa ta gagare ku. Wannan zance ne na wata rana.

Mahaifina tela ne a Kano, bai yi boko ba, amma in ya zauna yana ba ka labarin NEPU sai ya faɗa maka dalla-dalla abin da Malam Aminu Kano yake so da haraji da jangali da kotun alkali, da dalilin da ya sa shi ya bi. Mutanen wancan zamani sun sha bulala da ɗauri a kan ra'ayi. Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku, kuma matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a shekarun 1970. A nan ma haka: John Lewis, wanda ya wakilci Atlanta shekara da shekaru, a 1965 aka fasa masa kai a gadar Selma don baƙar fata ya samu ƙuri'a. Tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter, a 2024 yana da shekara 100, yana kwance, ya aika tasa ƙuri'ar. Muna zagin na gida da ke sayar da ƙuri'a a kan taliya da turmin atamfa. To shi dai ya ci taliyar. Ku kyauta kuke bayarwa.

Da na dawo gida na shiga shafin zaɓe na jiha, na ciro samfurin takardar ƙuri'ar gundumarsu, na tura wa yaron nan, na ce ya karanta kafin ya je. Alama ta nuna ya buɗe tun daren Lahadi. Har yanzu bai ce min komai ba, mahaifiyarsa kuma ta ce gobe da safe zai je ya jefa.