Wasan da ke ba ka kiwo, sannan ya miƙa maka wuƙa

A 1996 kamfanin Bandai na Japan ya fito da Tamagotchi, 'yar na'ura mai siffar ƙwai. A cikinta akwai wata halitta da ke jin yunwa, ta yi ciwo, idan aka yi sakaci da ita kuma ta mutu. An sayar da fiye da miliyan 90. Pou da My Talking Tom, waɗanda yara ke karɓe wayoyin iyayensu saboda su, duk daga wannan tsatso suka fito.

Masu ƙera wasannin ban tsoro sun lura cewa abin da mutum ya raɗa wa suna, ya ciyar da hannunsa, ya riga ya shiga ransa. Sai suka fara taɓa mu ta wannan gefen. Ni ban ga aibun hakan ga baligi ba, amma da sharaɗi: a ba shi zaɓi na gaskiya, ya san abin da yake shirin aikatawa.

Can Your Pet, wanda ya fito a 2010, ya saɓa wannan sharaɗi. Ana ba ka ɗan tsako, ka sa masa suna, ka ba shi abinci, ka yi masa wanka da kwalliya. Daga ƙarshe sai ka danna hoton keke, kana zaton motsa jiki za ka kai shi. Nan take ƙasa ta buɗe, ya faɗa cikin injin yanka, a zuba namansa a gwangwani. Mutum zai razana, amma me ya zaɓa? An yaudare shi ne kawai, aka ɗora masa laifin da bai yi niyya ba. Wasu na cewa wasan yana nuna yadda ake yi wa kaji a masana'antu. Ko da haka ne, mai wasa zai tashi yana jin haushin wanda ya ƙera wasan, ba zai tuhumi kansa ba.

Black & White, na kamfanin Lionhead na Ingila ƙarƙashin Peter Molyneux, ya bi wata hanyar tun 2001. Ba wasan ban tsoro ba ne, amma ya fi tayar da hankali. Za ka ɗauki saniya ko biri ko damisa ka raina, dabbar kuma tana koyo daga gare ka. Idan ta cinye ɗan ƙauye ka shafa ta, ta gane cewa abin ya yi maka daɗi, gobe ma za ta ƙara. Idan ka mare ta, ta daina. Sannu a hankali har kamanninta ke sauyawa bisa tarbiyyar da ta samu. Duk muguntar da ka gani a jikinta, kai ka shuka.

Wani zai ce ai hoto ne, babu ran da ya fita. Haka ne, kuma ba na cewa mai danna waya ya yi kisa. Sai dai mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, mun san nauyin abin da aka damƙa wa mutum alhali ba ya iya kare kansa. Wasan da ya sa babba ya tambayi kansa me ya sa ya zalunci abin da ya dogara da shi ya yi aiki mai amfani.

Inda nake da damuwa shi ne yara. Irin waɗannan wasanni da gangan suke shigar wasan yara: launi mai haske, manyan idanu, kiɗa mai taushi. Uwa za ta leƙa ta ga tsako, ta ci gaba da aikinta. Doki Doki Literature Club, wani wasan ban tsoro na 2017 da ke ɓoye a bayan kyakkyawar fuska, yana buɗewa da gargaɗi ƙarara cewa bai dace da yara ba. Ya kamata hakan ya zama wajibi ga duk wasan da ya ɓoye tsoro a bayan kyakkyawar fuska, har da bidiyonsa a YouTube, inda yara da yawa ke fara cin karo da shi. Google Play yana nuna shekarun da aka yarda a shafin kowane wasa, kuma akwai wurin da iyaye za su kulle abin da ya wuce shekarun ɗansu.