Idan ruwa ya zo maigida ba ya nan fa?

Tun ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024 akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai bari in faɗe shi.

Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo gari cikin dare mutane na barci. Gwange da Fori suka nutse, har fadar Shehu da asibitin koyarwa ba su tsira ba. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. Ina da ƙanwar uwa a can, mijinta direban babbar mota ne, a daren yana kan hanya. Da ruwa ya kawo gwiwa ta tashi yara, ta nufi akwatin da ake ajiye takardu, sai ta tarar da shi a kulle, makulli na aljihun maigida. Haka ta fita da goyo da zanen jikinta. Rai ya tsira, alhamdulillahi, amma takardar fili da takardun haihuwar yara da sakamakon jarrabawar babbar 'yarta duk sun zama kunu.

Mu maza muna da wata ɗabi'a, komai na gida sai mu ƙulle shi a kanmu da aljihunmu. Uwargida ba ta san inda takardun gida suke ba, ba ta san inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya ba, ba ta da ko naira dubu biyar tsaba da aka ce mata wannan ta ranar ɓacin rana ce. Wai mu a dole masu riƙon sirri. To masifa ba ta tambayar ko maigida ya dawo daga kasuwa. Ruwan da ya ci Mokwa ta jihar Neja a watan Mayun 2025, ya hallaka sama da mutum 150, kafin gari ya waye ya zo.

Gobara ma haka take, musamman da hunturu. Mun zagaye tagogi da ƙarfe saboda ɓarayi, mun garƙame ƙofa da kwaɗo biyu, sannan mutum ya fita sallar asuba ko hira ya kulle iyali ta waje. An shigar da gawayi ɗaki ana jin ɗumi, tukunyar gas tana gefe. Don Allah ta ina za su fita?

Na san masu cewa wannan mugun fata ne, abin da Allah Ya ƙaddara babu makawa. Haka ne. Amma Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka yi ana tanadin hatsi a zangarniyarsa, kuma ba mu fi shi tawakkali ba. Duk shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna na ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci, mu ji a rediyo mu ce Allah Ya kiyaye, shi ke nan, ko kwatar ƙofar gida ba mu yashe ba. Laifin gwamnati daban ne, kuma yana da yawa, ba shi nake yi yau ba.

Ni abin da na yi bai ci mini kuɗin kirki ba. Na zuba takardu a leda mai kauri cikin jaka ɗaya, na ɗauki hotonsu na tura wa ƙanina. Na sa tocila, da maganin hawan jinin Hajiya, da ƙullin gishiri da sukari saboda amai da gudawa da ke biyo bayan ambaliya, da 'yan kuɗi tsaba, don ranar da sabis ya ɗauke mai POS ba shi da amfani. Yara sun haddace lambata da lambar kiran gaggawa ta 112, sun kuma san idan aka rabu a masallacin Juma'ar unguwa za a haɗu, shi ne kan tudu.

Da na gama nuna wa uwargida jakar ina jin kaina, sai ta ce, "Malam, Hajiya fa? Wa zai ɗauke ta idan ba ka nan?" Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. A daren na je na buga wa maƙwabcina ƙofa, na bar masa makullin gida guda.