Ni da babur ɗina a fadamar Argungu

Ɗan yayata ne ya jawo mini wannan wahala, shi kuma wayar hannu ce ta jawo masa. Tun da yaron ya fara kallon bidiyon tseren babura na daji da Turawa ke kira enduro, babu wanda ya sake samun sakat a gidanmu na Argungu. Idan aka zauna cin tuwo sai ya sanar da mu cewa tun 1913 aka fara gasar duniya ta kwana shida a garin Carlisle na Ingila. Idan aka wanke hannu sai ya ƙara da cewa a Ostiriya akwai wadda ake yi a wurin haƙar ƙarfe na Erzberg, inda mutum 500 kan tashi, amma a wasu shekarun waɗanda ke kai ƙarshe ba su cika goma ba. Wadda ta fi shiga ransa ita ce ta Le Touquet a Faransa, wadda Thierry Sabine ya kafa a 1975, mutumin da daga baya ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar da ya riƙa ratsawa ta Agadas, domin a cikin yashin bakin teku ake yin ta, kuma a tsakiyar sanyi. A nan lissafinsa ya ƙare: muna da yashi, muna da hunturu, saboda haka babu abin da Faransawa suka fi mu da shi.

Ya tara 'yan kabu-kabu da kanikawan unguwa, ya nemi izinin mai gari, aka shata hanya mai nisan kilomita 40 wadda ta tashi daga bayan gari, ta bi tudun yashi, ta gangara fadama, ta ƙetare wani mashigi na gulbi, sannan ta dawo. Aka ɗaure jajayen tsummoki a jikin gawo da goruba don nuna hanya, aka kafa wuraren duba lokaci guda biyu, aka ba kowa kati. Abin da ya rage masa shi ne dattijo ɗaya a cikin jerin, saboda iyayen yara su daina cewa taron 'yan ganganci ne.

"Kawu," in ji shi, "wannan gasa ba ta masu gudu ba ce, ta masu lissafi ce. Kowa ana rubuta masa mintin da zai isa kowane wuri, wanda ya makara a ci shi tara, wanda ya yi sauri ma a ci shi tara. Ku da kuke koyar da lissafi, wa zai ja da ku?"

Ban san malamin da za a gaya wa haka ya ƙi ba. A daren nan na raba nisa da lokaci, na samu cewa gudun kilomita 30 a awa ɗaya ya ishe ni, na rubuta jadawali da jan biro, na liƙa shi a kan tanki da salatif. Babur ɗina kuwa irin na 'yan kabu-kabu ne, mai ƙaramin inji da giya huɗu, wanda aikinsa kai ni makaranta da ɗauko buhun shinkafa, ba irin KTM ɗin da ke cikin bidiyon ba, masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora.

Ranar Asabar ce a cikin Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka zuwa wajen digiri 15, abin da Bafaranshe zai yi wa dariya, amma mu a nan ya isa ya sa liman ya zaɓi gajerun surori. Uwargida ce ta ɗauki nauyin shirya ni, kuma ta yi aikin da zuciya ɗaya. Ta sa mini singileti, da riga, da suwaitar ulu, da jibgegiyar jaket ta gwanjo, da wando a kan wando, da safa a kan safa, ta shafe mini leɓe da man kaɗanya, sannan ta naɗa mini rawani. Da aka zo sa hular kwano da na aro, sai ta ƙi shiga, aka yi ta dannawa har kunnuwana suka naɗe. "Malam, Allah ya tsare," ta ce, da muryar da ban ji alamar tana sa ran kyauta a cikinta ba.

A wurin tashi an kafa dokar da yaron ya kwafo daga Turai: kowane babur a kashe yake tun dare, sai mintinka ya zo za ka tayar, kuma bibbiyu ake sallama. Samarin suna buga kik sau ɗaya suna ɓacewa cikin hazo. Da aka kira lambata na buga, babur ya yi tari ya yi shiru. Dalilin sananne ne ga duk mai babur, domin idan inji ya kwana cikin sanyi fetur ba ya saurin zama tururi a kafireto, baƙin mai kuma ya yi kauri, shi ya sa ake jan cok a rage iska don mai ya yi yawa. Bakaniken unguwarmu yana ta ihu, "Malam, ku ja cok!" amma yatsuna da ke cikin safar hannu mai kauri sun kasa gane cok daga sauran ƙarafa. Na yi ta bugu har gumi ya keto mini a ƙarƙashin duk kayan nan, daga ƙarshe wasu almajirai suka tura ni, na tashi a giya ta biyu, jadawalina ya riga ya zama tarihi.

Iskar da ke dukan mai babur da sassafe daban take da wadda ke samun mai tafiya a ƙasa, domin tana ɗauke ɗumin jiki da zarar ya fito, kuma yatsu take fara ci. Kafin in kai tudun yashi ban ƙara jin hannuna na hagu ba. Ɗan yayata ya koya mana cewa a cikin yashi ana rage iskar taya, a miƙe tsaye a kan matakai, a mayar da nauyi baya, a yi ta ba babur wuta, kuma kada a kuskura a taɓa birkin gaba. Duka na haddace. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda mutum mai tumbi, sanye da rabin kayan akwatinsa, zai miƙe a kan babur da aka ƙera don zama. Na miƙe, tayar gaba ta yi gabas, ta baya ta yi arewa, hannuna na dama da bai halarci darasin ba ya damƙe birki, sai ga ni kwance a cikin ƙarangiya. Wanda bai taɓa ganin haɗuwar ƙarangiya da suwaitar ulu ba, bai san ƙauna ba.

Da na tashi, hazo ya rufe ko'ina, ba na ganin tsumma ko ɗaya, gilashin hular kuma numfashina ya dushe shi. Can sai na hango babur a gabana yana tafiya cikin natsuwa irin ta wanda ya san hanya, na bi shi. Muka gangara fadama, muka bi kunyoyin shinkafar rani, na matse shi, na ba babur wuta, na wuce shi, har na ɗaga masa hannu don kada ya karaya. A lokacin ne na lura cewa abokin gasar nawa yana ɗauke da injin ban ruwa da naɗin tiyo a bayansa. Ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya dai? Ko an yi rasuwa ne?" Na ce masa gasa muke yi. Ya dube ni daga rawani zuwa safa, ya nuna mini wata 'yar hanya, ya ce ya ga yara da teburi a can.

Hanyar ta kai ni wurin duba lokaci na biyu kafin kowa. Mai riƙe da agogo tsohon ɗalibina ne, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya karɓi katin ya rubuta mini tarar minti 25 saboda isowa da wuri, ya ƙara wata saboda babu sa hannun wuri na farko. Na yi masa bayanin cewa a duk duniya wanda ya riga isowa shi ne na ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, ku ne kuka koya mana ɗebewa." Na tsaya ina jiran samarin su iso, gumin da na tara ya huce a jikina, haƙorana suka fara kaɗawa har yaron ya miƙo mini shayinsa.

Mashigin gulbi shi ne ya raba gardama. A rani ruwan wurin bai wuce gwiwa ba, kuma na ga samarin suna shiga a giya ta ɗaya, suna riƙe wuta daidai, suna ɗage ƙafafu, suna fita ɗaya gaɓar. Na shiga da bismilla. A tsakiya ruwan sanyi ya ratsa safa biyu ya taɓa ƙafata, jikina ya yi abin da ya ga dama, hannuna ya saki totur, inji ya mutu, tayar gaba ta faɗa wani gurbi, ni da babur muka kwanta tare. Ulu da jaket ɗin gwanjo suka sha ruwa iya cikinsu, na yi yunƙurin tashi na kasa. Wasu masunta da ke jin ɗumi a gaɓa suka shigo suka ciccibo ni kamar giwan ruwa ranar bikin kamun kifi a gulbin Matan Fada, babbansu yana cewa, "Malam, mi ya kawo ka ruwa da sanyin ga? Ku kawo sikeli, bana mu muka ci!"

Su ne suka tuɓe mini kaya suka shanya a kan kwalekwale, suka ba ni wani zane na ɗaura. Da na nufi kik, babban ya riƙe ƙafata, ya ce ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga inji aka buga da ƙarfi sai ƙarfen fistin ya lanƙwashe, kuma injin ban ruwansa ne ya koya masa haka da tsada. Ya kwance fulogi, muka buga kik ruwa ya yi ta feshi ta ramin, ya matse soson iska, ya tsiyaye kafireto, ya gasa fulogin a bakin wuta kusa da kifinsu. Babur ya yi tari sau ɗaya don girmama ƙoƙarinmu, bai sake cewa komai ba.

Wani mai amalanken shanu da ya ɗauko bambaron shinkafa ya yarda ya kai mu gari. Aka ɗora babur, aka ɗora ni a gefensa da zane da hular kwano, domin ita ta ƙi fita, kayana kuma aka rataye su a bayan amalanke suna ɗiga. Mun iso bayan azahar, an riga an ba na ɗaya galan ɗin baƙin mai, ana naɗe tabarmi. Nan gardama ta kaure, domin dokar da ɗan yayata ya rubuta da hannunsa cewa ta yi mahayi da baburinsa su ƙetare layi tare, ba ta ce inji ya kasance yana aiki ba, kuma da yawa daga samarin faci da tsinkewar sarƙa sun tsayar da su a daji. Alƙalai suka yi shawara, suka rubuta ni cikin waɗanda suka kammala, suka ba ni kyautar wanda ya fi kowa shekaru, wato sabon fulogi.

Mai amalanke ya ce bai yarda ba, tunda shanunsa ne suka yi gudun. Na biya shi kuɗin dako, na ƙara masa da fulogin. Ya jujjuya shi, ya sa a aljihu, sannan ya tambayi ɗan yayata ranar da za a yi ta baɗi, domin yana so ya jira a mashigi da amalanke biyu.