Yadda Na Dafa Abincin Mutanen Peru a Ƙofar Marusa

Ƙanena da ke aiki a Abuja yana da ɗabi'ar aiko mini da duk abin da ya ji an ce yana gyara lafiya, ko da shi kansa bai taɓa kai shi bakinsa ba. Da ya sami labarin likita ya ce in rage cin farar shinkafa saboda sukari ya fara leƙo ni, sai ga saƙo daga tasha: leda mai rabin kilo, cike da wasu 'yan ƙwayoyi farare waɗanda ba su kai gero girma ba amma sun ɗara acca. Sunan abin kinwa, kuma an rubuta a bayan ledar cewa daga ƙasar Peru aka kawo shi.

Wani zai tsaya yana jujjuya leda ne kawai, amma ni da na koyar da labarin ƙasa har na yi ritaya, ina ganin sunan Peru na gyara zama. Na tara mutanen gidan, wato Goggo da Auta, domin Hajiya ta tafi suna Daura, na bayyana musu cewa wannan abinci na mutanen tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, kuma shekaru dubbai ke nan ana noma shi a kewayen tafkin Titikaka, wanda ke tsakanin Peru da Bolibiya a tudun da ya kai kimanin mita 3,800 sama da teku. Na ƙara da cewa daular Inka da shi ta ciyar da jama'arta, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 ta zama shekarar kinwa. Da na kai ga cewa tsiron ɗan uwan alayyafo ne, ba dangin gero da dawa ba, sai Goggo ta ajiye carbinta.

"Mai sunan Baba, alayyafo dai ganyensa ake ci. Su waɗannan bayin Allah wace irin yunwa ta kama su har suka koma kan irin?"

Ban tanka ba, domin na san aiki ya fi surutu. Na sanar da cewa ni da kaina zan yi girkin dare, sannan na leƙa shagon maƙwabcina tela na gayyace shi, saboda abin tarihi yana bukatar shaida daga waje.

A jikin ledar an ce a wanke ƙwayoyin sosai kafin a dafa. Na auni rabin ledar, na juye a rariyar da Hajiya ke tsane taliya, na tsuguna a bakin makwarara na kwara ruwa. Wanda ya ƙera rariyar nan bai taɓa jin labarin Peru ba. Kafin in ce kwabo, kaso mai tsoka na dukiyar ƙanena ya bi ta ramukan ya watsu a tsakar gida, ni kuwa na rufe gindin rariyar da tafin hannu na ceci abin da ya saura. Nan take na yanke hukunci, bisa hujjar tattali, cewa abin da ya zo daga ƙasar waje a leda liƙaƙƙiya, ba tsakuwa ba dusa, jiƙawar da ya yi ta ishe shi wanka.

Kajin Goggo suka rugo a guje. Kajin nan ba su da zaɓi a abinci, na taɓa ganin ɗayarsu ta haɗiye maɓallin riga, amma ranar nan zakaran ya tsattsaga sau ɗaya, ya karkace kai ya dube ni da ido guda, ya goge baki a ƙasa, ya ja matansa suka koma gindin darbejiya. Na ɗauki wannan a matsayin ƙauyancin kaji.

Na hura gawayi, na ɗora tukunya. Ƙa'idar ita ce kofi ɗaya na kinwa, kofi biyu na ruwa, a bar shi kamar minti 15, kuma wannan kam na bi ta sau da ƙafa. Ruwa na fara tafasa sai ga kumfa, fari tas, yana tasowa yana ɗaga murfi yana gangarowa kan garwashi. Na ƙwala wa Auta kira na tuhume shi da wanke tukunya da garin sabulu ba tare da ɗauraya ba. Yaron ya rantse cewa rabonsa da taɓa tukunyar nan tun kafin Hajiya ta tafi, wanda hakan ma laifi ne na daban, amma ba shi muke shari'a ba a lokacin. Na kwashe kumfan da ludayi, wani ya taso, na kwashe, wani ya taso, har dai ruwan ya tsotse na sauke.

Da na buɗe murfi, abin ya kumbura ya ninka kansa kusan sau uku, kuma kowace ƙwaya ta fitar da wani ɗan farin zare mai lanƙwasa a gefenta. Goggo ta dogaro sandarta ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja da baya tana salati.

"Tsutsa ce, wallahi tsutsa ce! Kowace ƙwaya da tata! An sayar wa yaron nan tsohon hatsi a Abuja."

Na yi mata bayani a natse cewa wannan zaren shi ne ɗan tsiron da ke naɗe a jikin ƙwayar, kuma fitowarsa ce alamar abinci ya nuna. Ta ce ita ta fi shekara saba'in tana tankaɗe, ba a yi ɗan bokon da zai koya mata kamannin tsutsa ba, kuma a zubo mata fura.

Bayan magariba tela ya iso da fara'arsa. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na kawo kinwa a babban faranti da miyar kuka a gefe, muka yi bisimilla. Loma ta farko ta shiga lafiya, sai daga baya wani ɗaci ya taso daga maƙogwaro kamar an jiƙa ɓawon maɗaci, tare da wani santsi-santsi a harshe. Na dubi baƙona. Mutumin kirki ne, shekara da shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, kuma na ga yadda tarbiyya ke kokawa da fuskarsa. Ya haɗiye da ƙyar, ya kurɓi ruwa, ya ce:

"Masha Allah, Malam. Da ji ka san wannan yana aiki a jiki. Kafin cin abinci ake shan sa ko bayan an ci?"

Na ce ai shi ne abincin. Ya ce to, to, madalla, ya ƙara rabin cokali don kunya, sai ya tuna da wata riga da ya yi alkawarin bayarwa a daren. Ni kuwa na zauna na ci rabona har ƙarshe, domin mutumin da ya yi lacca a kan daular Inka da rana ba ya barin faranti da dare a gaban ɗansa.

Auta ne ya zo daga baya da waya a hannu, yana karanto mini da wata irin ladabi mai ban haushi cewa ƙwayar kinwa tana da wani sinadari a bayanta mai suna safonin, shi ne mai ɗacin kuma shi ne mai kumfar, kuma da shi tsiron ke kare kansa daga tsuntsaye da ƙwari. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ashe shi ya sa zakara ya ƙi." Na ce ya je ya yi aikin makarantarsa.

Da Hajiya ta dawo, tun kafin ta cire mayafi Goggo ta ba ta rahoton tsutsa. Ta karɓi sauran ledar, ta murza ƙwayoyin tsakanin yatsu, ba ta tambayi tsayin tafkin Titikaka ba. Ta juye su a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta dinga cuɗawa da tafin hannu tana tsiyaye farin ruwan a hankali yadda take yi wa acca, tana sakewa har ruwan ya fito garau ba kumfa, sannan ta tace da ƙyallen tatar koko, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsere ba. Ta dafa a wuta kaɗan, ta sauke ta bar shi a rufe ya turara, ta barbaza shi da cokali, ta haɗa da dafaffen zogale da garin ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa. Abin ya fito warwar, da ɗanɗanon gyaɗa-gyaɗa mai daɗi, ba ɗaci ko kaɗan. Na bayyana mata cewa ita ta yi sa'ar ƙyalle ne, ni kuwa rariya ce ta ci amanata, ta ce, "Haka ne, Malam," da muryar da take lallashin jikoki. Da ta ji kuɗin da aka sayi ledar kuwa, ta ce in gaya wa ƙanena wani karon ya aiko da kuɗin, ita ta san inda ake sayar da acca a babbar kasuwa.

Goggo ta ci, amma sai da ta zauna da tsinke tana ware zararrukan ɗaya bayan ɗaya tana tara su a gefen kwano, har abincin ya huce. Na zuba wani a kwanon sha mai murfi, na aiki Auta ya kai wa tela domin a wanke sunan gidanmu. Jim kaɗan ya dawo da kwanon yadda ya tafi da shi, ya ce tela yana godiya ƙwarai, amma yau yana azumi. Ranar Laraba ce, kuma Auta ya ce da rake a bakinsa ya same shi.