Wanda bai gama sallama a Kano ba, bai isa Gambiya ba

Ranar da muka raka ƙanina filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, Hajiyarmu ba ta bi mu ba. A soro ta tsaya, ta miƙa masa ƙullin yaji da kilishi, ta ce, "Je ka, na yafe maka duniya da lahira. In ka sauka, ka nemi mutanen gari." Malamin lissafi ne, zai yi shekara biyu yana aikin sa kai a Gambiya ƙarƙashin shirin TAC, wanda gwamnatin Babangida ta kafa a 1987 don tura ƙwararrunmu ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik.

Wata shidan farko gangar jikinsa ce kawai a can. Kullum dare yana WhatsApp ɗin gida. Ya san kuɗin kwandon tumatir a 'Yankaba, ya san wa ake wa biki a Gwammaja, amma bai san sunan maƙwabcinsa ba. Mu ma da laifinmu, don mu muke kiransa ko da awaki ne suka shiga gonar wani.

Ni a ganina waya ta rage wa ban kwana nauyi, kuma baƙo ne ke asara. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da maniyyatan da suka bi ta Sudan a ƙafa, in sun nemi gafara sun fita, to sun fita. Dole su sami mai masauki, su koyi gaisuwar mutane, su ci abin da aka ci. Zangon Kumasi da haka ya kafu.

Za a ce ai zumunci ne, kuma kewar gida ba wasa ba ce. Gaskiya ne, ban ce a yanke ba. Amma mai aikin sa kai da amana yake aiki. Ɗalibi ba zai faɗa maka abin da ya hana shi zuwa makaranta ba in ba ka taɓa zama tabarma ɗaya da babansa ba.

Sai da wayar ta faɗa bokitin wanki sannan ƙanina ya fito ƙofar gida. Ya tarar da masu shan ataya, shayin da ake dafawa zubi uku ba gaggawa. Nan ya koyi gaisuwar Mandinka, yaren mutanen wurin, suna yi masa dariya, nan aka fara kiransa suna da jana'iza.

Da wa'adi ya cika, kwana uku ya yi yana bi gida-gida yana neman gafara, yadda ya yi a nan. Yanzu duk Juma'a matar mai gidan da ya zauna tana kiran Hajiya. Ba mai jin yaren wata. Su yi sallama, su yi ta "alhamdu lillahi", su yi dariya, har katin ya ƙare.