Lambar da ke kusurwar talabijin ba ta san aljani ba

A watannin zafi a Garwa, Maris da Afrilu, yara a tsakar gida suke kwana. Bayi yana can ƙuryar gida, babu fitila, wani gidan ma da tsamiya a bayan katanga. Yaron da ya kalli fim ɗin aljanu da la'asar a wayar yayansa shi ne zai riƙe fitsari har asuba, ko ya sake shi a tabarma, da safe a rufe shi da faɗa a kan laifin da ba a binciki tushensa ba.

Iyayen da suka damu da abin da yara ke kallo yawanci sun dogara ne da 'yar lambar nan da ke fitowa a kusurwar allo a tashoshin Canal+: -10, -12, -16, -18, wato shekarun da ake so yaro ya kai kafin ya kalla. Lambar tana da amfani, ba na musu. Amma a fim ɗin aljanu da fatalwa da tsafi ba ta isa ba, domin waɗanda suka yanka ta sun auna fim ɗin ne da yaron da aka raina a kan cewa babu aljani. Namu yaron ya karanta Suratul Jinni a allo, ya ji ana ruƙiyya a maƙwabta, an hana shi zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba. Abin da yaron Faransa zai ɗauka almara, namu zai ɗauka labari ne.

Su kansu masu yanka lambar ba su yi ittifaƙi ba. A Amurka tsarin ya fara a 1968, aka ƙara matakin PG-13, mai gargaɗin iyaye a kan 'yan ƙasa da shekara 13, a 1984, kuma harafin R na nufin wanda bai kai shekara 17 ba sai da babba a gefensa. Ingila tana da 12, 15 da 18. Najeriya tana da hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, jihar Kano kuma da tata tun 2001. Fim ɗin The Conjuring na 2013 ya samu R a Amurka saboda tsananin firgici, ya samu 15 a Ingila, a Faransa kuwa aka ce ɗan shekara 12 zai iya shiga. Fim ɗaya, hukunci uku. Mu a Kamaru da Cadi, da yake tashoshin Faransanci muka fi kamawa, sau da yawa hukunci mafi sassauci ne ke iso mu. Saboda haka idan ka ga -12 a fim ɗin tsoro, ka ƙara masa shekara uku a ranka kafin ma ka fara dubawa.

Wannan ma idan akwai lambar ke nan. Yawancin finafinan da yaranmu ke kallo ba ta dekoda suke shigowa ba. Daga shagon mai tura finafinai a kasuwa suke zuwa, a cika memori da 'yan kuɗi kaɗan, sannan su bi manhajar Xender daga waya zuwa waya. An yanke farkon fim, an canza suna, wani an ɗora masa fassarar Hausa mai ban dariya har uwa ta ji daga madafa ta ɗauka wasa ne. Muryar ce ta koma Hausa, hoton yana nan yadda yake.

To me za a duba? Yawancin iyaye tsiraici kawai suke nema: in babu rungume-rungume, sai su ce fim ɗin lafiya lau. A fim ɗin aljanu tsiraici ne mafi sauƙin ganowa, kuma sau da yawa ba shi ne ke hana yaro barci ba. Jini da yanka su ma a fili suke. Abubuwan da suka fi yin ɓarna suna wucewa ba a lura ba.

Na farkonsu shi ne wanda aka shiga jikinsa. Idan dodon baƙo ne daga daji, yaro yana da wurin gudu, wato jikin uwarsa. Idan kuwa a fim ɗin uwar ce idonta ya juye, muryarta ta koma ta namiji, ta ɗauki wuƙa ta nufi 'ya'yanta, an rushe masa mafakar. Haka idan yaro sa'ansa ne abin ya kama, ko 'yar tsana, ko madubi, ko ƙarƙashin gado, abubuwan da zai tarar a ɗakinsa da dare. Ni a wurina duk fim ɗin da uwa ko uba ya rikiɗe ya zama abin tsoro, ba na ɗan ƙasa da shekara 15 ba ne, ko me lambar ta ce.

Sai kuma addini. Akwai finafinan tsoro na Turkiyya da Indonesiya da ke yawo a wayoyi, cike da sallaya da liman da maƙabarta da gawa a likkafani da ayoyin gaske. Uba zai leƙa ya ga mace da hijabi ana karatu, ya ƙyale. Waɗannan sun fi na Turawa haɗari ga yaronmu nesa ba kusa ba. Fim ɗin da aka yi da coci da limaminta yana da ɗan nisa da shi. Wannan kuwa gidansu ne. Mafi muni, don a ja labari ya kai awa biyu, dole a nuna an karanta aya ba ta yi aiki ba, malamin ya faɗi, aljanin ya yi dariya. Yaron da ya ga haka, idan ka ce masa ya karanta Ayatul Kursiyyu ya kwanta, zai tuna cewa a fim an karanta kuma ba ta hana komai ba. Ga kuma waɗanda ke nuna yadda ake tsafi dalla-dalla, da kayan haɗi da kalmomin kira. Yara 'yan shekara 10 zuwa 13 masu kwaikwayo ne, za su gwada a bayan aji.

Akwai kisan kai. Finafinan shigar aljanu suna yawan nuna mutum yana rataye kansa ko yana yanka jikinsa wai an tilasta shi. Ga matashin da dama yake cikin damuwa, wannan ya fi fuskar dodo illa. A ƙarshe akwai yadda fim ɗin ya rufe: da yawa suna ƙarewa ne da nuna cewa abin bai mutu ba, don a samu kashi na biyu. Babba ya san kasuwanci ne. Yaro ya tafi shimfiɗa da cewa yana nan yana yawo.

Duba duk wannan ba ya buƙatar ka zauna awa biyu. Minti ashirin da 'yan kai ya isa. Kalli minti biyar na farko, domin a nan ake jefa firgicin buɗewa. Ja gaba da tsalle-tsallen minti goma har tsakiya, inda tsiraici da shaye-shaye suka fi ɓuya. Sannan ka zauna ka kalli minti goma sha biyar na ƙarshe ba tsallakewa, a nan ake juye duk abin da aka tanada. Kuma da sauti za ka duba. Rabin tsoron a kunne yake: shiru mai tsawo, sai ƙara ta fashe. Wanda ya duba fim ba murya bai duba komai ba, shi ya sa ma yaron da ya toshe kunnensa da abin sauraro cikin duhu ya fi wanda ke kallo a falo shan wahala. Mai intanet zai iya rubuta sunan fim ɗin a shafin bayanan finafinai na IMDb, akwai sashen iyaye da ke rarraba tsiraici, zubar da jini, ashar, kayan maye da firgici, kowanne da matsayinsa. Da Turanci yake, amma fassarar waya tana isar da ma'ana. Tallan fim kuwa kada ka yarda da shi, an gyara shi ne don ya shiga ko'ina.

Shekaru suna canza abin da ke tsorata yaro. Joanne Cantor, tsohuwar malama a jami'ar Wisconsin ta Amurka da ta daɗe tana nazarin wannan, ta nuna cewa ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara 7 ko 8, siffa ce ke firgita su: mummunar fuska, mutum ya rikiɗe. Waɗanda suka ɗara haka sun fi tsoron abin da zai iya faruwa da gaske. A wani binciken da ta yi da Kristen Harrison a 1999 a kan ɗaliban jami'a, kusan ɗaya cikin huɗu sun ce har lokacin tsoron wani abin da suka kalla tun suna yara bai sake su ba. A nan ne lissafin Turawa ke karyewa a wurinmu. A can ɗan shekara 10 yana fita daga tsoron aljani saboda ya sa shi a layin ƙarya. A nan a shekarun ne ma yake gane cewa aljani gaskiya ne.

Don haka kalmar "ƙarya ce, babu aljani" kuskure ce biyu: ta saɓa wa abin da malaminsa ya koya masa, kuma ya san ba ka yarda da ita ba. Abin da za a raba masa shi ne aljanin Alƙur'ani da aljanin kamfani. Wannan fuskar roba ce da fenti, muryar inji ne ya sauya ta, matar da ta mutu tana nan da ranta an biya ta kuɗi. Ga mai shekara 9 zuwa sama, bidiyon yadda ake yi wa 'yan wasa kwalliyar dodo yana aiki sosai, amma da rana. Ƙaramin yaro kuwa bayani ba ya shigarsa. A ɗauke shi, a rungume, a bar masa tocila, a raka shi bayi ba tare da gori ba. Sunnar da Nana A'isha ta ruwaito, a karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku, ta fi kyau idan kullum ake yi. In sai daren da ya firgita aka fara, yaro zai fahimci cewa lallai akwai abin da ya shigo gidan.

Wasu za su ce ai mu ma an ba mu tatsuniyar dodo ba mu lalace ba. Kaka tana kallon fuskar jikanta, in ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta, kuma dodon da yaro ya zana a ransa bai wuce ƙarfin ransa ba. Waya ba ta duba fuskar kowa. Wasu kuma za su ce a haramta gaba ɗaya. Mai gida yana da wannan ikon, kuma ga 'yan firamare ina tare da shi. Sai dai hani ba ya bin yaro gidan maƙwabta ko gidan kallo, kuma yaron da ya san duka ke jiransa ba zai faɗi abin da ya gani ba, sai ya haɗiye tsoron shi kaɗai.

Na'urori suna taimakawa daidai gwargwado. Dekoda tana da kullen iyaye mai lamba huɗu. A sa lambar da ba shekarar haihuwar kowa ba, kuma kada yaron ne zai saita maka, abin da ke faruwa a gidaje da yawa. YouTube yana da yanayin taƙaitawa, Family Link na Google yana kulle wayar yaro a lokacin da ka zaɓa. Babu ɗayansu da ke ganin abin da ke cikin memori. Wannan sai an buɗe ma'ajiyar bidiyo da ta Xender da hannu, an kuma yi magana da yayye, don su ne ƙofar.

Idan an riga an kalla, a lura da dare. Mugun mafarki yana zuwa ne wajen asuba, yaro ya farka ya ba da labari. Firgitar da ke zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan kwanciya, ya yi ihu ido buɗe bai gane kowa ba, da safe bai tuna ba, wata aba ce daban da aka sani a ƙananan yara. Ba a girgiza shi, a tsare shi kada ya ji ciwo har ya koma barci. Matashin da ke raba dare yana kallo kuma yana iya haɗuwa da dannau, wanda ƙarancin barci da kwanciyar rigingine ke ƙara jawowa. Yawanci duk wannan yana lafawa cikin kwanaki. In ya kai wata guda, yaro ya ƙi makaranta ko abinci ko ya koma fitsarin kwance, a kai shi asibiti.

Wanda ba a jira da shi shi ne yaron da ya faɗi yana kakkafewa a gaban allo. Finafinan nan suna yawan amfani da haske mai walƙiya da sauri, kuma kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na masu farfaɗiya irin wannan hasken ne ke tayar musu da ita, galibi yara da matasa. Da yake aljani ake kallo, mutanen gida za su yanke cewa aljanin ne ya fito. A kashe allon, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, a duba agogo. In ta wuce minti biyar, ko wannan ne karo na farko, asibiti za a nufa, addu'ar a yi ta a hanya.