Mai Gadi Ya Daki Ɗan Gida

KAKA: Ke amarya, zo ki buɗe min kwalbar nan. Yatsuna sun sake shiga yajin aiki tun asuba. Sanyi ne.

JIKA: Angona, shekara uku kana ɗora wa sanyi laifi. Ga sakamakon gwajin jininka, anti-CCP ya hau, wato alamar da ke nuna garkuwar jiki na kai wa furotin ɗin jikinka hari. Amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jikin mutum ke jawowa.

KAKA: Garkuwar da na yi shekara 70 ina ciyarwa? Butulu!

JIKA: Ba butulci ba ne, rashin ganewa ne. Furotin ɗin jikinka kamar carbi yake, an jera shi da ƙwayoyi iri 20. Ɗaya sunanta arginin. Akwai wani sinadari mai suna PAD da ke taɓa ta, sai ta rikiɗe ta koma sitrulin.

KAKA: Sitru wa? 'Yar gidan waye?

JIKA: Daga sunan kankana na Latin aka samo shi, don a cikinta aka fara gano shi.

KAKA: Na faɗa! Wanda ya kawo min kankana bara, shi ya yi min sammu.

JIKA: Kankana ba ruwanta, a cikin jiki ake yin wannan sauyin. Arginin tana da cajin lantarki, sitrulin ba ta da shi. Da cajin ya tafi, sai furotin ya sake lanƙwasa, kamanninsa su canza. Ka ɗauka ɗanka ne ya dawo da dare da baƙuwar hula, mai gadi ya rufe shi da duka.

KAKA: A kori mai gadin mana.

JIKA: In an kore shi, wa zai tare ɓarayi? Lallashinsa ake yi da magani. Kuma ba kowane mai gadi ke wannan ɓarna ba, akwai gado a ciki. Sau da yawa ma rigimar ba a gaɓɓai take farawa ba, a huhu ne ko a dasashi, shekaru kafin yatsa ya kumbura. Hayaƙin taba na zuga PAD a huhu.

KAKA: Taba kuma? Ai na daina tun tuni.

JIKA: To mene ne wannan a ƙarƙashin hularka?

KAKA: Ajiya aka ba ni.

JIKA: Da ashanar?

KAKA: Kin ga, miƙo min kwalbar. Sanyin ya sake ni.